Jar Ranar da Babu Wanda Ya Gani

Shekarun farko da na fara koyar da fiziks a wata sakandaren 'yan mata a Kano, akwai jimlar da nake rubutawa a allo duk lokacin da muka iso darasin haske, yara su kwafa a littattafansu: ƙurar da ke yawo cikin iska ce take warwatsa shuɗin haske, shi ya sa sama take shuɗiya da tsakar rana, shi ya sa kuma rana take yin ja in za ta faɗi. A cikin wasu takardun darasi da muka riƙa gada hannu da hannu tun muna kwaleji na tsinci wannan, irin waɗanda aka yi ta kwafa a inji har baƙinsu ya koɗe. Sai na ɗora nawa a kai, wanda babu inda na karanta shi: iya yawan ƙura, iya jan rana. Da ƙarfin gwiwa nake faɗinsa, don a ganina lissafin a fili yake. In ƙura kaɗan ta jawo ja kaɗan, ai mai yawa ja mai yawa za ta jawo.

Wani watan Janairu, dawowarmu daga hutu ke nan, hazo ya sauko irin wanda ke hana jirage sauka a filin Malam Aminu Kano. Na ga dama ta samu. Na ce wa 'yan ajin kowace ta fita tsakar gida ko ƙofar gida da yamma, daga sakaliya zuwa magariba, ta lura da rana ba tare da ta ƙura mata ido ba, ta rubuto abin da ta gani, maki goma. Da a nan na tsaya da ban yi laifi ba. Amma sai na ƙara da cewa, "Yau za ku ga jar rana irin wadda ba ku taɓa gani ba, jawur kamar garwashi." Na ba da aiki na haɗa da amsarsa.

Washegari takardu suka taru a kan teburina. Kusan kowa jar rana ta gani. Wasu har da zane da jan biro, wata ma ta ce jan ya haska katangar maƙwabtansu. Na yi ta rabon takwas da tara, raina fes. Takarda ɗaya ce ta fita daban, ta wata yarinya mai zama a layin baya wadda ba ta cika magana ba. Ta rubuta cewa ranar fara ce fat, ba ta kashe ido, har mutum zai ɗauka wata ne. Tana yin ƙasa tana disashewa, kuma tun tana saman bishiyoyin unguwa ta ɓace ɗungurungum, da sauran lokaci kafin a kira magariba. Sama kuwa ruwan toka, babu ja ko ɗis. Na ja layi a ƙasa na rubuta "Ba ki yi aikin ba", na ba ta biyu.

Da na raba takardu ta ɗaga hannu.

"Malam, wallahi na duba. Har Kakata na kira ta gani, ta ce ai haka rana take da hunturu tun suna yara."

Na ce littafi bai ce haka ba.

Ta yi jim, sannan ta ce, "To Malam, in ƙura ce ke sa sama shuɗi, me ya sa ta fi shuɗi da damina bayan an ɗauke ruwa? Ai a lokacin ruwa ya wanke ƙurar."

Ba ni da amsa, kuma malamin da amsa ta ƙare wa a gaban aji yakan nemi mafaka wajen ba'a. Na ce, "Kakar taki ce za ta rubuta miki jarrabawar fita?" Aji ya kwashe da dariya, ita kuwa ta ja hijabinta ta sunkuyar da kai.

A garin nan aka haife ni, babu hunturun da ya wuce ni. Amma yammacin da na tura yara kallon rana, ni ina kan babur, na naɗe hanci da baki da ƙyalle, idona na kan titi. Ban ɗaga kai ba. Don me zan duba abin da na riga na sani? Tambayar da ta yi ce ta hana ni sakat. Hazon bai yaye ba tukuna, wata yamma na fito daga masallaci bayan la'asar, hira ta riƙe ni har rana ta sunkuya, sai na dubi yamma. Ga ta can fara sol, zagayayya, ba ta da wani kaifi. Ina tsaye ta yi ta koɗewa har ta ɓace tun ba ta kai kan soraye ba. Duk abin da yarinyar ta rubuta, babu ragi babu ƙari.

Na kai maganar ɗakin malamai, wajen wani dattijo mai koyar da labarin ƙasa wanda duk muke kira Baba. Na kewaya ban ce masa ga abin da na aikata ba, na dai tambaya kamar mai neman ƙarin sani. Ya zare tabarau ya dube ni ya ce, "Malam, kai ma fa ɗan garin nan ne. Yaushe ka taɓa ganin shafaƙi mai kyau a tsakiyar hazo? Jan yamma na kaka ne, bayan ruwan ƙarshe." Ya ce shi lissafin abin ba fanninsa ba ne, in je in nemo a littattafan namu. Na tafi ɗakin karatu na jami'a, kuma abin da na tarar bai wuce rabin layi ba, rabin layin da takardunmu na gado suka yar a hanya: dokar da nake taƙama da ita tana aiki ne kawai idan abin da ke warwatsa hasken ya fi zangon hasken ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

Duk wanda ya taso da rediyo a gidansu ya san zango: gajeren zango mita 19, mita 25, mita 49. Haske dangin igiyoyin rediyo ne, asalinsu ɗaya, sai dai zangonsa ya gajarce har ba a auna shi da mita. A raba milimita ɗaya gida dubu, kowane kashi shi ne maikiron. A sake raba maikiron gida dubu, a sami nanomita. Silin gashin kai yakan kai kaurin maikiron 70 ko kusa da haka. Zangon jan haske wajen nanomita 700 ne, na shuɗi wajen 450, rawaya da kore suna tsakani. Farin hasken rana cakuɗar dukkansu ne.

Iska kanta, ko da an tace ta babu ƙura ko ɗaya, tarin mitsi-mitsin ƙwayoyi ce, akasarinsu na naitirojin da oksijin, kuma kowace ɗaya ba ta kai rabin nanomita ba. Zangon haske ya ninka ta fiye da sau dubu. Wanda ya taɓa zama bakin tafki zai gane abin da ke faruwa. Tsinken ciyawar da ya tsaya a ruwa, manyan igiyoyi wuce shi suke kamar ba ya nan, 'yar ƙaramar rawar ruwa kawai yake iya karkatarwa. Kwalekwale kuwa babba da ƙarama duk tare su yake. Ƙwayar iska tsinke ce, zaɓe take yi. A 1871 wani Baturen Ingila, John William Strutt, wanda daga baya ya gaji sarautar Lord Rayleigh, ya fitar da lissafin zaɓen: in zango ya ragu da rabi, warwatsuwa ninki 16 take yi. In aka ɗora 450 da 700 a kan wannan ma'auni, shuɗi ya fi ja warwatsuwa kusan sau 6. Shi ya sa duk inda ka duba a sama, ban da wajen ranar kanta, shuɗin da aka karkato daga hanyarsa ne yake faɗowa idonka. Shunayya ya fi shuɗi gajeren zango, amma ba shi da yawa a hasken rana, idonmu kuma bai cika kama shi ba. Da yamma kuwa a kwance hasken yake zuwa, yana ratsa iskar da ta kai ninki 38 na wadda yake ratsawa in rana na tsaka. Kafin ya iso an kwashe shuɗin a hanya, sai ruwan goro da ja su rage. Duk wannan babu inda aka nemi taimakon ƙura.

Jingina shuɗin sama ga ƙura tsohon zato ne, kuma manya sun yi shi. A Bagadaza, ƙarni na 9, al-Kindi ya rubuta risala a kan wannan launi, ya ce ba na sama ba ne na kanta, yana samuwa ne daga haɗuwar duhun da ke can bisa da hasken da ya sauka a kan ɓarɓashin ƙasa da tururin da ke cikin iska. A zamanin da jama'a ke ɗaukar sama wani shuɗin rufi, wannan ba ƙaramin hange ba ne. Bayan shekara dubu, a 1869, John Tyndall a Landan ya riƙa haska fitila mai ƙarfi cikin bututun gilashi mai ɗauke da tururin sinadarai. Ya lura in ɓarɓashi ya fara ƙulluwa yana ɗan mitsitsi, bututun shuɗi yake yi irin na sama; yana ƙara girma shuɗin yana koɗewa, har ya koma fari. Shi ma ya zaci irin wannan ɓarɓashin ne a sama. Sai a 1899 Rayleigh ya nuna da lissafi cewa ƙwayoyin iska su kaɗai sun wadatar. Ban kawo sunayen nan don in raɓe a bayansu ba. Su laluben abin da babu wanda ya sani suke yi; ni na zo an shekara ɗari da amsa a ajiye. Kuma ko Tyndall ɗin ai ya ga abin da ya kamata ya farkar da ni, tunda girman ɓarɓashi ne ya sauya launin bututunsa.

Ƙurar hunturu ta fi ƙarfin dokar Rayleigh. Kaso mai yawa nata daga arewacin Cadi yake tasowa, daga wani kwari da ake kira Bodele, inda iskar arewa maso gabas ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta fito da gudu. Wurin ƙasan tsohon Tafkin Cadi ne, na shekaru dubbai da suka wuce lokacin da ya ninka na yau sau da yawa, kuma abin da ke shimfiɗe a can ɓawon wasu mitsitsin tsirran ruwa ne da suka mutu suka taru, fari, mara nauyi. Da shi a cikin ƙurar da ke sauka mana a gashin ido da kan kujeru, mai fari-farin nan da ba ta yi kama da jar ƙasar unguwa ba. Masu hasashen yanayi na NiMet in suka ga ƙura ta tashi a Faya ko a Bilma, sun san ba da jimawa ba Maiduguri da Kano za su rufe. Mafi yawan nauyin wannan ƙura yana cikin ƙwayoyi masu faɗin maikiron ɗaya zuwa gommai, kuma ko ta maikiron ɗayan ta zarce zangon jan haske.

Lissafin irin wannan girma wani Bajamushe ne, Gustav Mie, ya fitar da shi a 1908, kuma ba sama yake nazari ba, launukan ruwan da ke ɗauke da ɓarɓashin zinariya yake son ganewa. In ƙwaya ta girmi zango sosai, ba ta zaɓe. Ja da kore da shuɗi kusan daidai take warwatsa su, kuma in launuka suka zo tare, fari ido ke gani. Sannan ba ko'ina take rarraba hasken ba, gaba take tura mafi yawansa, shi ya sa ɓangaren da rana take ya fi ƙyalli, direban da ya fuskanci yamma da la'asar ya yi ta kare ido da hannu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba ta buƙatar yawa. Ko a ranar da ba ka hango ƙarshen layinku, ƙurar ba ta wuce 'yan kashi kaɗan cikin miliyan na nauyin iskar. Amma a tsakanin ƙananan ƙwayoyi, in faɗi ya ninka biyu ƙarfin warwatsawa ninki 64 yake yi, in ya ninka goma ya yi miliyan. Kafin a hauro girman ƙura, tazarar ta wuce misali. Farin da 'yar ƙurar nan ke watsawa sai ya danne shuɗin iska gaba ɗaya. Rana kuma, tunda kowane launi nata daidai ake rage shi, ba ta sauya kala, disashewa kawai take. In ta sunkuya hanya ta yi tsawo, sai ta nutse cikin farin hazon tun ba ta kai ƙasa ba.

Amsar tambayar damina tana cikin tambayar kanta. Ruwan sama yana share manyan ƙwayoyi ya bar iska kusan ita kaɗai, sai shuɗinta ya fito sosai. Gajimaren da ke yawo a cikin shuɗin kuma dalilin farinsa ɗaya ne da na hazo: ɗigon ruwansa maikiron 10 zuwa 20 ne, ya girmi kowane zango. Ruwan nan dai guda ne. Yana tururi ba a ganinsa, in ya dunƙule ya zama farin gajimare, in ɗigon ya kai milimita ya fara zubowa, ya raba haske ya ba da bakan gizo.

Na shiga aji da kwalabe biyu na ruwa garai-garai, da tocila, da madarar gwangwani, da garin allin da na kankaro. Muka rufe tagogi. A kwalbar farko na ɗiga madara kaɗan na girgiza, na haska ta gindi. Daga gefe ruwan ya yi shuɗi-shuɗi, wadda ta leƙa ta baki kuma ta ga fitilar ta koma ruwan goro. A ta biyu na zuba garin alli: gefe fari-fari, fitila ta disashe amma farinta yana nan. Garin zumuɗi na ƙara madara a ta farkon, hannu ya zarce, ita ma ta koma fara, don in ƙwayoyi suka cunkushe haske yakan yi ta karo daga wannan zuwa waccan har launuka su sake cakuɗewa. Yawa ma yana da tasirinsa ke nan, sai dai ba inda nake cewa yake kaiwa ba.

Na ce su buɗe littattafansu su soke jimlar da suka kwafa. Sannan na juya layin baya na ce, "Ke ce da gaskiya, ke da Kaka. Na zalunce ki a maki, na kuma sa an yi miki dariya. Ki yafe mini. In kin koma gida ki gaishe ta, ki ce malaminku ya ce ta fi shi sanin rana." Ta rufe fuska ta ce, "Ba komai, Malam." Biyu ta koma goma. Wannan mai sauƙin ke nan.

Mai wuyar sauran 'yan ajin ne. Na yi musu alkawarin ba zan taɓa makin kowa ba, na ce wadda duk ta fita da gaske ran nan ta ɗaga hannu. Na zaci kaɗan ne za su ɗaga, in ce sauran lalaci ne ya sa suka kwafi maganata. Fiye da rabi suka ɗaga. Sun fita, sun ga farar rana, sun dawo ɗaki sun rubuta ja. Na tambayi wadda ta ce jan ya haska katangar maƙwabta, ta ce, "Malam, ai na ɗauka idona ne bai gani daidai ba." Wata ta ce ita ta san fara ce, amma maki take so.

Ban san wacce ta fi sanyaya mini jiki a cikin amsoshin biyu ba. Kuskuren fiziks ɗin ana gyara shi da kwalba biyu da tocila. Amma a yammaci ɗaya na koya wa aji guda cewa abin da ido ya gani daban, abin da ake rubuta wa malam daban, kuma na biyun ne ke da lada. A darasin kimiyya fa, wanda duk jarinsa shi ne a duba a faɗi abin da aka gani. Tushen ɓarnar kuwa hadda ce: na riƙe doka na saki sharaɗinta, kuma dokar da aka raba da sharaɗinta ba ta gaya wa mai riƙe da ita inda iyakarta take. Tun daga nan na daina faɗin abin da za a gani kafin in tura yara dubawa, na kuma daina ba da aikin da ni ban fita na yi ba.

Da na ce daga nan na shiryu, da na yi ƙarya. Sabuwar jimla na ƙirƙiro na maye gurbin tsohuwar, gajeriya mai daɗin hadda: ƙanana shuɗi, manya fari. Na yi shekaru ina rubuta ta a allo kafin in gane an gudu ne ba a tsira ba, don tsakanin ƙanana da manya akwai wani fili, inda faɗin ƙwaya ya yi kusa da zangon hasken, kuma a can lissafin Mie hawa da sauka yake yi. A ƙarshen Satumban 1950 wata gagarumar gobarar daji a Albata ta Kanada ta tura hayaƙi ya ƙetare Tekun Atlantika, mutane a Sikotilan suka ɗaga kai suka ga rana shuɗiya, wata ma shuɗi. A Edinbara masu nazarin taurari suka auna hasken. Ɗigon da ke cikin hayaƙin wajen maikiron ɗaya ne, kuma kusan duk girmansu ɗaya. A daidai wannan girman ja ne ya fi warwatsuwa, shuɗi ya wuce. Dokar Rayleigh a juye. Abin ba ya yawan faruwa, domin da wuya ƙwayoyi su zo kai ɗaya haka. In girma ya bambanta, zaɓen wannan ya soke na waccan, a koma fari, kamar yadda hazonmu yake.

Dutsen Krakatowa na Indonesiya da ya fashe a watan Agustan 1883 ya nuna fuskokin biyu. A makonnin farko an ga rana koriya da shuɗiya a Indiya da Silon. Bayan manyan ƙwayoyi sun zube, masu laushi sun rage can sama, sai aka shiga watanni ana jan yamma a faɗin duniya, har a wasu garuruwan Amurka aka kira 'yan kwana-kwana ana zaton gobara ce. A duniyar Mars kuwa, inda iska ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na tamu ba, ƙura ce ke da ta cewa: da rana sama ruwan ƙasa-ƙasa take, da yamma kewayen rana ya yi shuɗi. Na'urar Curiosity ta hukumar NASA ta ɗauko hoton haka a 2015.

Ko a gida jimlar tawa ta biyu ba ta tsaya da ƙafarta ba. Holoƙon da ke gabatar hadarin farkon damina, wanda ke tasowa kamar bango ya rufe gari, ja ne ko ruwan ƙasa, alhali ƙwayoyinsa sun fi na hazo girma. Nan wani abu ne daban ke aiki. Jar ƙasarmu tana ɗauke da tsatsar ƙarfe, ita kuwa tsatsa shanye shuɗin haske take yi, ba karkatar da shi ba. Girma yana da nasa, abin da aka yi ƙwayar da shi ma yana da nasa.

Sai hayaƙi, wanda shi ne ya fi tsorata ni da na gane shi. Hunturu lokacin ƙona daji ne da sharan gona, da bola, da itacen jin ɗumi a kowane lungu. Ƙwayoyin hayaƙi akasari ba su kai rabin maikiron ba, don haka suna da sauran zaɓe. Dubi hayaƙin murhu ta gaban baƙin bango, shuɗi-shuɗi za ka gan shi. Dube shi ta gaban hasken sama, ya koma rawaya-rawaya. Ranar da hayaƙi ya rinjayi ƙura a iskar gari, rana takan yi ja sosai tun tana sama. Wato akwai yammacin hunturun da hasashena na farko zai yi daidai bisa katari. Da a irin wannan ranar na ba da aikin, da yarinyar ma ja za ta rubuto, da na ba ta goma, da kuma wataƙila har yau ina rubuta tsohuwar jimlar a allo.

Masana ba su bar wannan ga ido kaɗai ba. A 1929 Anders Ångström na Suwidin ya kawo wata lamba guda da ke nuna yadda disashewar hasken rana ke bambanta daga launi zuwa launi. Ga iska tsantsa lambar 4 ce, ga hayaƙi takan faɗa tsakanin 1.5 da 2, ga ƙurar hamada kuwa takan matso kusa da sifili. Akwai na'urorin da ke bin rana suna wannan awo kullum a ƙarƙashin shirin AERONET na NASA, ɗaya a Ilori, wata a Banizumbu kusa da Yamai. Da hunturu lambar takan yi sama ta yi ƙasa gwargwadon wanda ya fi yawa a iska, ƙurar arewa ko hayaƙin ƙone-ƙone.

Likitoci ma da girma suke raba abin da muke shaƙa. Manyan ƙwayoyi akasari a hanci da maƙogwaro suke maƙalewa, su ne masu kawo mura da kaikayin wuya. Masu faɗin maikiron 2.5 zuwa ƙasa su ke zarcewa can cikin huhu. Hazon Bodele yana ɗauke da iri biyun, kuma babu mai cewa ba ya cutarwa. Hayaƙi kuwa kusan dukkansa na biyun ne. Muna da mai asma a gida, kuma in farin hazo ya rufe gari ba sai an ce masa ya zauna ɗaki ba, da kansa yake shigewa. Ranar da nake sa baki ita ce wadda gari bai rufe sosai ba, ana hango nesa, amma tun la'asar rana ta yi ja.